Wa Ya Cancanci Alkyabbar Sadauki?

Duk malamin da ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar makaranta da safe yana karɓar yara, ya san hoton nan na mutum mai tufafi ja da shuɗi, fuska a rufe, manne a bayan jakunkunan ɗalibai. Yaron da har yanzu yake tuntuɓe a lissafin sau bakwai zai iya zayyano tarihin Spider-Man tiryan-tiryan, da sunayen abokan gabarsa, da dalilin mutuwar kawunsa. Da yawa daga cikinmu mukan kau da kai, mu ce shirmen Turawa ne, zai wuce idan sun girma. Mu dai a ganinmu lokacin kau da kai ya ƙare. Abin da ya iya zaunar da yaro wuri ɗaya awa biyu cur, ba tsawa ba bulala, ya cancanci malami ya leƙa ya ga abin da ke cikinsa, domin ko mun so ko mun ƙi, yana koyar da ɗalibanmu darasi a bayan idonmu.

A Amurka, inda aka haifi waɗannan labarai na sadaukai masu ƙarfin ban mamaki, an shafe shekaru ana ja-in-ja a kan tambaya guda: wa ya cancanci a yafa masa alkyabbar sadauki? Shin dole ne ya zama namiji, farar fata, lafiyayye, ko kuwa baƙin yaro ɗan unguwar talakawa, da yarinya Musulma 'yar baƙin haure, da kurma, da gurgu, su ma suna da wuri a tsakiyar labari? Matsayinmu shi ne, buɗe wannan ƙofa alheri ne ga matasa masu karatu, amma sauya fuskar sadauki kaɗai bai isa ba. Ma'aunin labari nagari shi ne ko ya ɗauki rayuwar yaron da muhimmanci, da gidansu, da addininsa, da irin tsoron da yake kwana da shi. Wannan ma'auni kuwa ba wanda ya fi malami iya riƙe shi.

Sai mu fara da tushe, domin masu cewa yau ne aka cusa matsalolin al'umma cikin waɗannan labarai ba su karanta tarihi ba. Superman, wanda shi ne kakan su duka, ya fito a 1938 daga hannun wasu samari biyu a birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, dukkansu 'ya'yan Yahudawa baƙin haure. Labarin da suka ƙaga na jariri ne da aka tsere da shi daga duniyar da ta halaka, ya tashi a hannun iyayen riƙo, yana ɓoye asalinsa don ya zauna lafiya da mutane. A 1946 wani shirin rediyo ya sa Superman ya yaƙi wata ƙungiyar asiri da aka kwaikwayo daga Ku Klux Klan, masu ƙiyayya da baƙar fata da baƙi. A 1963 Stan Lee da Jack Kirby suka fito da X-Men, matasan da jama'a ke tsoro kuma ke ƙyama saboda yadda aka halicce su, mafakarsu kuwa makaranta ce, shugabanta malami ne da ke zaune a keken guragu. A 1966 kuma Black Panther, sarkin wata ƙagaggiyar ƙasar Afirka mai suna Wakanda, ya bayyana.

Duk da haka, shekaru da dama fuskar sadauki ɗaya ce, sauran mutane kuwa 'yan rakiya ne ko abin dariya. Baƙar fata a tsofaffin littattafan zane na shekarun 1940 akan zana shi da manyan leɓɓa da zararrun idanu, bawa ga jarumi, matsoraci. Iyayenmu da suka kalli Tarzan a gidajen silima sun san wannan hoto: Bature ne sarkin dajin Afirka, mutanen ƙasa kuma suna gudu suna ihu. Wannan ne ya sa a 1993 wasu marubuta da masu zane baƙar fata, cikinsu har da Dwayne McDuffie da Denys Cowan, suka kafa kamfanin Milestone, suka ƙago Static, ɗan makarantar sakandare mai kaifin ƙwaƙwalwa da ke fama da masu cin zali da 'yan daba a unguwarsu. Sun gaji da jiran wani ya ba da labarinsu, suka tuna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata farfesar adabin yara a Jami'ar Jihar Ohio, Rudine Sims Bishop, ta yi wani bayani a 1990 da ya kamata kowane malamin harshe ya sani. Ta kwatanta littafi da madubi, wanda yaro ke ganin kansa a ciki, ta kuma kwatanta shi da taga, wadda yake hango rayuwar wasu ta cikinta. Yaron da bai taɓa samun madubi ba yakan ɗauka cewa irinsa ba su isa a rubuta labarinsu ba. Wanda kuwa madubi kaɗai ya sani, yakan tashi da zaton cewa duniya ta ƙare a kansa. Wata abokiyar aikinmu a wannan reshe ta taɓa sa 'yan ajinta su zana sadaukin da zai ceci garinsu daga ambaliya. Ta ce da ta tattara takardun, kusan duka maza ne masu farar fuska da miƙaƙƙen gashi, har a zanen 'yan mata. Ba wanda ya taɓa gaya wa yaran nan cewa mai ceto ba ya kama da su. Idonsu ne ya koya musu.

Misalin da ya fi nuna abin da muke nufi shi ne Kamala Khan, wadda kamfanin Marvel ya fara buga littafinta a 2014 da sunan Ms. Marvel. Yarinya ce 'yar shekara 16, iyayenta 'yan Pakistan, suna zaune a Jersey City. Editar da ta assasa ta, Sana Amanat, ta tashi a irin wannan gida, marubuciyar kuma, G. Willow Wilson, Musulma ce. Daren da Kamala ta sami ƙarfinta, abu na farko da jikinta ya yi shi ne rikiɗa zuwa siffar Baturiya mai farin gashi, domin a zuciyarta haka sadauki yake. Sai da ta sha wahala kafin ta gane cewa fuskar aro ba ta yi mata ba, ta koma tata. A cikin labarin akwai uba mai faɗa saboda ƙauna, da uwa mai fargaba, da wa mai riƙo da addini, da ƙawa mai ɗaura ɗankwali da zaɓin kanta, da limamin masallaci da ta zaci zai yi mata wa'azin tsoratarwa, sai ya ba ta shawarar ta nemi wanda zai koya mata, ta kuma yi aikinta da mutunci. Littafin ya ci lambar yabo ta Hugo a 2015.

Abin da ya fi jan hankalinmu a matsayinmu na malamai shi ne abokin gabarta na farko. Wani mugu ne da ya shawo kan matasa cewa su tsara ce marar amfani, 'yan latse-latsen waya kawai, don haka gara su miƙa jikinsu a tatsi wutar lantarki daga gare su, ko sa amfani duniya da wani abu. Nasarar Kamala ba ta tsaya ga naushi ba, sai da ta zauna ta fahimtar da yaran nan cewa kowannensu yana da wata baiwa da ake bukata. Duk wanda ya taɓa jin ana kiran samarinmu zauna-gari-banza, har su ma suka fara yarda da sunan, ya san wannan labari bai yi nisa da ƙofar gidansa ba.

A gwada ta da wata Musulmar da kamfanin ya fitar tun 2002, Sooraya Qadir, 'yar Afganistan mai niƙabi, a cikin X-Men. An fara nuna ta ne a hannun masu fataucin bayi, wani jarumi farar fata ya zo ya cece ta, kuma a farkon fitowarta kalma ɗaya tak take maimaitawa. Tufafin Musulma ne, amma ba gida, ba dangi, ba murya. Ga bambanci tsakanin a sa mutum a labari don a cike gurbi, da a ba shi labarin ya riƙe. Ɗalibanmu suna bukatar su iya gane wannan bambanci da kansu.

Misali na biyu ya fi kusa da mu, har yana da ɗaci. A 2011 Brian Michael Bendis da Sara Pichelli suka ƙago Miles Morales, sabon Spider-Man, ɗan unguwar Brooklyn, uba baƙar fata, uwa 'yar asalin Puerto Rico. A 2017 marubucin matasa Jason Reynolds ya rubuta ƙagaggen labari na zube a kansa, ba zane. A wannan littafi, babban abin da ke barazana ga Miles ba ya tashi sama, ba ya fesa wuta. Malamin tarihi ne, wanda ke tsayawa gaban aji yana ƙawata zamanin bauta, yana muzanta yaron, yana neman dalilin da zai sa a kore shi. Miles yana karatu ne da tallafi, iyayensa na fama da kuɗin haya da na wuta, kawunsa ya mutu a harkar laifi, ɗan kawun kuma yana tsare. Reynolds yana nuni ne ga abin da masu bincike a Amurka suka daɗe suna magana a kai, wato hanyar da ke ɗauko baƙin yaro daga aji, ta bi da shi ta dakatarwa da kora, ta ajiye shi a gidan yari. A littafin akwai kuma wata malamar adabi da ta koya masa tsara waƙa, ta hanyarta ya sami bakin faɗin abin da ke cinsa.

Launin fata ba shi ne matsalar azuzuwanmu ba, amma kada wannan ya sa mu saki jiki. Muna da yaron da aka yanke wa hukunci tun ranar da aka ji sunan unguwarsu. Muna da ɗan makiyaya da ake kira da sunan laifin da bai aikata ba, da 'yar gudun hijira da ta zo tsakiyar zango da Hausar da ba irin tamu ba, da wanda ya taso daga tsangaya ya shigo aji yana girme wa kowa, da mai in'ina da ba a taɓa bari ya ƙarasa amsa ba. Malamai biyun nan na littafin Reynolds duka suna cikinmu, wani lokaci ma a jikin mutum ɗaya, gwargwadon yadda ya kwana da kuma ko albashi ya shigo. Labarin da ya sa malami ya tambayi kansa wanne ne shi a yau, ya fi ƙarfin a kira shi shirme.

Wani tsohon malamin sakandare a jihar Kalifoniya, Gene Luen Yang, ya koma ga shirin rediyon nan na 1946 ya sāke shi a littafin zane da aka fara bugawa a 2019. A nasa labarin, wata yarinya 'yar asalin Sin da iyayenta suka ƙaura zuwa unguwar fararen fata ita ce ta lura cewa Superman yana rage ƙarfinsa da gangan, yana gudu a kan wayoyin lantarki alhali zai iya tashi, don kada a gane shi baƙo ne. Ta gane haka ne domin ita ma ta ajiye sunanta na gida ta ɗauki na Turawa. Malami ne ya rubuta wannan, kuma ana gani, domin malami ne ya san ɗalibin da ke ɓoye iyawarsa don kada a ware shi.

To amma in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Akwai ƙorafi uku da muke ganin suna da nauyi, kuma ba za mu share su ba.

Na farko, kasuwa ce. Kamfanin Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan kusan dala biliyan 4, kuma fim ɗin Black Panther na 2018 ya tara sama da dala biliyan 1.3. Wanda ya zuba irin wannan dukiya riba yake nema, ranar da ya ga wata fuska ba ta sayuwa zai ajiye ta. A 2017 wani babban jami'in sayarwa na Marvel ya ɗora laifin faɗuwar ciniki a kan yawan sababbin jarumai mata da waɗanda ba farar fata ba, kafin suka ta sa ya gyara maganarsa. Ko Black Panther ɗin da ya faranta wa Afirka rai, Afirkar da ya nuna haɗin gambiza ce, harshe daga kudu, bargo daga Lesotho, ado daga gabas da yamma. A farkonsa an nuna dajin Sambisa da ayarin matan da aka sace, cikin 'yan mintoci aka cece su, labari ya wuce gaba. Mu da muka san iyayen da har yau suke jira, mun san ciwonmu ya zama shimfiɗa ce kawai da wani ya taka ya shiga labarinsa.

Na biyu, tarbiyya. Waɗannan littattafai an rubuta su ne a cikin wata al'umma mai nata ra'ayi game da sutura, da soyayya, da jinsi, da dangantakar ɗa da mahaifi, kuma wasunsu suna ɗauke da abin da yawancin iyayen ɗalibanmu ba za su amince a kawo aji ba. Iyaye suna da haƙƙi a nan, amanarsu muke riƙe da ita. Maganin kuwa tsoho ne: malami ya karanta kafin ya miƙa, ya zaɓa, ya yi bayani. Haramta komai a dunƙule ba ya aiki. Amurkawa da kansu sun gwada a 1954, bayan wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya zargi littattafan zane da lalata yara, aka kafa hukumar tacewa mai tsanani. Abin ya kai a 1971, da Stan Lee ya rubuta labarin Spider-Man mai gargaɗi kan shaye-shaye bisa roƙon wata ma'aikatar gwamnati, hukumar ta ƙi sa masa hatimi saboda an ambaci ƙwaya, sai aka buga shi ba hatimin. Tacewar da ba ta duba manufa, takan zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi.

Na uku ya shafe mu a matsayin 'yan ƙungiya. Ginshiƙin labarin sadauki shi ne mutum ɗaya mai baiwa ya zo ya gyara komai da ƙarfin damtse, jama'a kuma suna tsaye suna tafi. Tarihinmu ya koya mana akasin haka. Ba wani mai alkyabba da ya taɓa saukowa ya biya bashin albashi ko ya rufe ajin da iska ta yaye. Abin da aka samu, da taro da haƙuri da tsayawa tare aka same shi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da ya tashi yana jiran mai ceto zai girma ya zama talakan da ke jiran ɗan siyasa. Abin lura shi ne, mafi kyawun sababbin labaran nan su ma sun gane haka, shi ya sa Kamala ba ta yin nasara sai da ƙawaye da maƙwabta, Miles kuma sai da 'yan ajinsa suka tsaya tare da shi.

Ba Amurka kaɗai ke da bakin magana ba a yanzu. A Pakistan, shirin zane mai motsi na Burka Avenger da ya fara a 2013, jarumarsa malamar makarantar 'yan mata ce da ke yaƙar masu son rufe makarantar, makamanta littattafai da alƙalami. A Legas, kamfanin Comic Republic yana fitar da sadaukansa tun 2013. Roye Okupe ya ƙago Malika, sarauniya mayaƙiya da ya samo hotonta daga Sarauniya Amina ta Zazzau. Nnedi Okorafor ta rubuta wa Marvel labarin Ngozi, yarinyar Legas mai keken guragu. Mu kuwa da muke da Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ba baƙi ba ne a harkar sadaukai. Abin tambaya shi ne me ya sa ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya san Wakanda bai san Ganɗoki ba, kuma laifin wa ne.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa malamai da abubuwa kaɗan da ba su fi ƙarfinmu ba. Mu fara da abin da yara suka riga suka kalla, tunda littattafan suna da tsada: a darasin insha'i ko na adabi, a tambaye su wa aka ba murya a labarin, wa aka bari a gefe, wa ya rubuta shi, kuma da a unguwarsu abin ya faru, wa zai taimaki jarumin. Mu ajiye Ganɗoki kusa da Black Panther, ɗalibai su auna su da kansu. Mu sa su ƙago nasu sadaukan, da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ko harshen da suka tashi da shi, a kan matsalar da suka sani: rijiyar da ta ƙafe, ƙwayar da ta cinye yayansu, ƙanwar da aka cire daga makaranta. Mu kuma roƙi shugabannin reshe su sa batun ɗakin karatu cikin bukatun da ake kai wa hukuma, a gefen albashi da ƙarin girma, domin makarantar da ba ta da littafi ta bar tarbiyyar ɗalibanta a hannun waya.

Ga iyaye kuma, mazajenmu da matanmu da ke karanta wannan mujalla a gida, shawararmu ita ce a zauna a kalla tare da yaro ko sau ɗaya, a tambaye shi abin da ya burge shi. Amsarsa za ta faɗi abin da yake tsoro da abin da yake buri, fiye da yadda katin sakamako zai faɗa.

Abokiyar aikinmu da muka ambata ta sāke ba da aikin zanen nan a ƙarshen zango, bayan ta karanta wa ajin labarin Amina da na Ganɗoki, ta kuma ba su labarin Kamala. Ta ce wata yarinya da ba ta cika magana ba ta kawo zanen mace mai zane da mayafi, da tulu a ka, tana tare ruwan ambaliya da hannu ɗaya, mutanen gari kuma suna bayanta suna jera buhunan yashi. Da aka tambaye ta wace ce wannan, sai ta ce innarta ce. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu.